Kai sabarka cibiyar adana bayanai

Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ba ta jure ɗaukewar wuta ko zafi. Shi ya sa wasu ke sayen tasu, su kai ta cibiya irin Rack Centre da ke Ikeja a Legas. Can ake ɗaure ta da kusoshi cikin dogon kabad na ƙarfe, ta samu lantarki, sanyi da intanet ba dare ba rana. Kuɗin haya gwargwadon gurbin da ta ci ne da wutar da take sha.

Sai dai kayanka naka ne. In faifan ajiyar bayananta ya mutu, kai za ka sayo sabo, ka kuma biya ma'aikatan cibiyar su canza. Mai ƙaramin shafi, gara ya yi hayar sabar kawai.