Saurayin Da Ya Suma Cikin Wasa

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu na ƙasar Jega, da Aliero, da Maiyama, ga wani ciwon zuciya wanda yakan kā da samari majiya ƙarfi.

Zuciya tana samun jinin da take ci ta jijiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda suka tsiro daga gindin babbar jijiyar jiki. Akwai wanda tun haihuwa ɗayarsu ta tsiro ba a wurinta ba, ta ratsa tsakanin manyan jijiyoyi biyu. Yana zaune lafiya lau. Amma in ya shiga kokawa, ko ƙwallo, ko ɗaukar buhun albasa, sai jijiyar ta matse, jini ya yanke wa naman zuciya. Yawancin masu karkatacciyar jijiya ba ta cutar da su har tsufa. Wannan iri ne abin tsoro. A Amurka, cikin 1988, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Pete Maravich ya faɗi ya mutu yana wasa, yana da shekara 40. Sai bayan mutuwarsa aka gane an haife shi babu jijiyar hagu.

Saboda haka saurayin da ya suma yana cikin gudu, ko ƙirjinsa ya riƙe, kada a ce iska ce, ko farfaɗiya. Gwanintar Aliero wajen ɗori sananna ce, amma zuciya ba ƙashi ba ce. In ya faɗi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya, wani kuwa ya nemo mota. In ya farfaɗo, lalle ya bar wasa tukuna, a kai shi asibiti Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a auna bugun zuciyarsa, a ɗauki hotonta. Magani yakan zama fiɗa, watau a gyara bakin jijiyar ko a sāke mata mazauni.

Malamin Hakimi ya haɗa shi da takarda: abin da yake yi sa'ad da ya faɗi, da lokacin, da ko wani a danginsa ya taɓa mutuwar fuju'a. Wanda aka riga aka gano masa karkatar kuwa, ya riƙa yawo da takardar likita, domin ran da ciwo ya taso, mai zura siririn bututu neman bakin jijiyar kada ya ɓata lokaci yana nemansa inda ba ya nan.