WA KE DA MAGANI, WA KE YANKA MASA KUƊI?

Ran Talata, in mutumin Damri ya shiga kasuwar Talata Mafara riƙe da takardar likita, sau da yawa mai kantin magani ya kan ɗauko kwali biyu ya aje a gabansa, ya ce duka na zazzaɓin cizon sauro ne, amma wannan ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba. Sai mutum ya tsaya yana juya kuɗin geronsa a hannu, bai san wanda zai ɗauka ba, ga yaro can gida jiki ya yi zafi. Tun da ya ke malaman makaranta da akawuna su a ke kawo wa irin wannan takarda su karanta, mun ga ya kamata mu bayyana musu inda wannan bambanci ya samo asali.

Takardar Mallakar Fasaha

Kowa ya san halin mai maganin gargajiya. In ya san saiwar da ke warkad da wata cuta, sai ya ɓoye sunanta, wani ma har ya mutu da saninsa. Turawa suka ga wannan hasara ce, sabo da haka suka yi wata dabara. Gwamnati ta kan ce wa wanda ya ƙago sabon abu ya rubuta sirrinsa duka a fili, ita kuma ta ba shi takarda wadda za ta hana kowa ya yi abin nan ko ya sayar da shi, sai da izninsa, har shekara 20. In shekarun sun cika, sanin ya zama na kowa. Ita ce takardar mallakar fasaha. Dokar Nijeriya ta 1970 haka ta tanada, tun 1995 kuma ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka daidaita a kan wannan wa'adi.

Lalle dabarar tana da hujja. Kafin a sami magani ɗaya mai amfani, a kan yi shekaru ana gwaji, a kashe dukiya mai yawa, galibin abin da a ka gwada kuma ya tashi a banza. Wanda ya sha ranar noma shi ya kamata ya fara cin tumu. Amma fa magani ba kamar keke ko agogo ba ne. Mai son keke in ya ji tsada sai ya haƙura ya tafi a ƙasa. Mai ciwo kuwa ba shi da ta cewa, in mai sayarwa ɗaya ne tak, abin da ya yanka shi za a biya, ko a koma gida a jira ikon Allah.

Duniya ta ga haka a kan ƙanjamau. Wajen 2000, maganin mutum ɗaya na shekara guda ya kan kai dalar Amurka 10,000 ko fiye. Cikin 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla, wanda dokar ƙasarsu a lokacin ba ta hana shi yin irinsa ba, ya ce zai sayar a kan dala 350. A watan Nuwamba na shekaran nan a ka yi taro a Doha, a ka tabbatar cewa ko wace ƙasa tana da ikon ba wani kamfani iznin yin magani ko mai takarda bai yarda ba, in lafiyar jama'a ta bukata, a biya shi ladan da ya dace. Dokarmu ta 1970 ma tana da irin wannan ƙofa.

Abin Da Ya Faru A Gida

Kada mai karatu ya zaci wannan magana ta Turawa ce kaɗai. Amosanin jini, watau sikila, babu ƙasar da ya fi yawa kamar tamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a na haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi ko wace shekara a Nijeriya. Babu malamin da bai taɓa ganin yaron da ke fashin makaranta sabo da ciwon gaɓoɓi ba, musamman da sanyin hunturu.

Wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, ya kai saninsa ga Cibiyar Binciken Magunguna ta Gwamnatin Tarayya a Abuja, sa'ad da Farfesa Charles Wambebe ke shugabanta. Haɗin kuwa na tsiro huɗu ne: masoro, da kanumfari, da wani itace da Yarbawa ke kira osun, da ganyen dawa, dangin karan dafin da dukawa ke rina jar fata da shi. A ka gwada, a ka ga yana rage yawan tashin ciwon, ko da ya ke ba ya raba mutum da shi. A ka sa masa suna Niprisan, cikin 1998 a ka sami takardar mallakarsa a Amurka, da sunan mai maganin nan a cikin waɗanda su ka ƙago shi. Wannan abin yabo ne, gama da ba don takardar ba, da wani ya ɗauki sanin ya tafi ko na gode babu.

Daga nan a ka yi tuntuɓe. Cikin 2002 a ka danƙa iznin yin maganin da sayar da shi ga kamfani ɗaya rak na Amurka, mai suna Xechem. Cikin 2006 ya fito kasuwa da sunan Nicosan. Cikin 2008 kamfanin ya karye, cikin 2009 Gwamnati ta janye izninta. Iyayen da 'ya'yansu su ka fara samun sauƙi su ka nemi magani su ka rasa. Ga masoro da kanumfari jibge a kasuwa, ga sanin a rubuce, amma babu mai yi. Sai cikin 2018 a ka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, da sabon suna Niclovix. Gari mai rijiya ɗaya, ran da ta rufta kowa ya kwana da ƙishirwa.

A gwada wannan da labarin sanƙarau, wanda ya hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya cikin 1996. Sa'ad da a ka tashi yin sabuwar allurar riga-kafi, MenAfriVac, tun kafin a soma aiki a ka yanke cewa kuɗinta ba zai wuce rabin dala ba, sa'an nan a ka miƙa wa kamfanin Serum na Indiya sanin a kan wannan sharaɗi. Ta fito cikin 2010, ta iso Arewacin Nijeriya cikin 2011. Nan ma kamfani ɗaya ne, amma an ɗaure shi da alkawari tun da fari. Ashe laifin ba na takarda ba ne, na sharaɗin da a ka manta a rubuta ne.

Aikin Da Ke Kanmu

To, mu koma ga mutumin Damri da kwalayensa biyu. Ko wane magani yana da suna biyu, sunan kasuwa da a ke rubutawa da manyan baƙaƙe, da sunan asali a ƙarƙashinsa. Coartem sunan kasuwa ne na kamfanin Novartis, sunan asalinsa artemether da lumefantrine, yau kuwa kamfanoni da yawa ke yin sa. In sunan asali ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, akwai lambar hukumar NAFDAC, kwanansa kuma bai ƙare ba, to, a tambayi likita ko mai arahan zai wadatar. Sau da yawa suna kawai a ke saye. Amma a yi hattara, arahar da ta wuce hankali ita ce alamar jabu.

Muna roƙon malamai su koya wa 'yan manyan azuzuwa karanta kwalin magani, kamar yadda su ke koya musu karanta wasiƙa. Kada kuma wani ya ji mun ambaci masoro da kanumfari ya je ya haɗa wa yaro a gida, gama awo da gwaji su ne magani. Akawunan ƙananan hukumomin Bakura da Maradun da Talata Mafara da ke rubuta odar magani, su riƙa rubutawa da sunan asali, kuɗin jama'a ya fi auki. In kuwa wani baƙo ya zo neman sanin tsofaffinmu game da itatuwa, a rubuta sunan mai sanin, da ranar, da abin da a ka yi alkawari, a gaban hakimi ko dagaci, kafin a buɗe baki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.