Haɗa wayar hannu da Wi-Fi don kada bayananku su ɓata

A daminar bara, wayar sakataren wata ƙungiyar adashi da nake ziyarta ta faɗa rafi. Lambobin membobi da hotunan littafin kuɗi duk suka tafi da ita, har aka yi ta gardama kan wanda ya biya da wanda bai biya ba. Da an saita wayar tana aika kwafin bayananta zuwa intanet, da sabuwar waya ta dawo da su duka. Aika hotuna yana cin data sosai, don haka ya fi kyau a yi shi ta Wi-Fi.

Mene ne Wi-Fi?

Wi-Fi hanya ce da waya ke samun intanet daga wata na'ura da ke kusa, ba daga layin da ke cikinta ba. Akan same ta a ofis, makaranta ko asibiti. Wayar wani ma tana iya raba wa taku intanet ta wannan hanya.

Matakan haɗawa

1. Ku nemi izinin mai na'urar. Sunanta da kalmar sirrinta sukan kasance a rubuce a gindinta, ko ƙarƙashin murfin batir.
2. Ku buɗe wurin saitin waya, ku kunna Wi-Fi, ku taɓa sunan na'urar.
3. Idan sunan ya fito sau biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, ku zaɓi 2.4 in kuna nesa ko akwai bango tsakani. Na 5 ya fi sauri, amma ba ya kai nesa.
4. Ku rubuta kalmar sirri a hankali. Ba ta yin ƙasa da haruffa ko lambobi 8, kuma babban baƙi dabam yake da ƙarami.

Idan ta ƙi yi

Ku matso kusa, domin bango mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfinta. Ku duba kwanan wata da agogon wayar. Idan ba daidai suke ba, shafuka da yawa ba za su buɗe ba. Idan an canza kalmar sirri, ku sa wayar ta manta da na'urar, sannan ku sake haɗawa.

Ajiye kwafi

A wayar Android, ku adana lambobin mutane a asusun Google, ba a kan SIM ba. Asusun yana ba da wuri na GB 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cikin wannan lissafi. A cikin WhatsApp, Google Photos da Play Store, ku zaɓi a yi ajiya da sabuntawa ta Wi-Fi kaɗai. Sannan ku tsayar da rana ɗaya a mako, misali ranar kasuwa, ku je inda Wi-Fi yake ku jira har ajiyar ta kammala. Ku rubuta sunan asusun da kalmar sirrinsa a takarda, ku ɓoye a gida. In babu su, ba a iya karɓo kwafin.

Ku yi hattara

Wi-Fi da ba ya neman kalmar sirri kowa yana iya shiga. Kada ku yi harkar banki a kansa. Mai na'ura kuma ya tabbatar tsaronta yana kan WPA2 ko WPA3. Tsohon tsarin WEP ana fasa shi cikin sauƙi.

Tambayoyin tattaunawa

• Waɗanne bayanai na ƙungiyarmu ne suke cikin waya ɗaya tak?
• Ina ne wuri mafi kusa da za mu sami Wi-Fi?
• Wa zai riƙa dubawa ko an yi ajiya kowane mako?