Yadda Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro Ke Kutsawa Cikin Ƙwayoyin Jikin Ɗan'adam: Waiwaye Daga Kusada

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Kusada da Kankiya, kamar sauran sassan tsakiyar Jihar Katsina, zazzaɓi yakan tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da kududdufai da ƙananan ramuka suka tara ruwa, sauro ya sami wurin hayayyafa. Sunan da Bahaushe ya ba cutar, wato zazzaɓin cizon sauro, ya ɗora alhakin a kan sauro. Sai dai sauron ɗan aike ne kawai. Mai ɓarnar wata halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ake kira Filasmodiyam, kuma nau'in falsifaram ne ya fi yawa a Nijeriya, shi ne kuma ya fi kisa. Likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ta a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, sannan Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Wannan maƙala za ta bayyana yadda halittar ke shiga ƙwayoyin jiki, domin a kan wannan shiga ne rayuwarta da maganinta suka dogara.

2.0 Daga Fata Zuwa Hanta

Idan macen sauron anofilis ta yi cizo, takan zuba ƙwayar tare da yawunta a cikin fata. A wannan mataki siffarta siririya ce kamar lauje, ana kiran ta siforozoyit. Ba ta da ƙafa ko wutsiya. Sulalewa take yi har ta sami jijiyar jini, jini ya kai ta hanta. A can takan shige cikin ƙwayar hanta guda, ta zauna kimanin mako ɗaya tana rarrabuwa, har guda ɗaya ta haifar da dubban 'ya'ya da ake kira merozoyit. Duk tsawon wannan lokaci mutum ba ya jin komai a jikinsa.

3.0 Kutsawa Cikin Jar Ƙwayar Jini

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Merozoyit ba ya jiran tsagewa, da ƙofarsa yake tafe. A tsinin kansa akwai wasu ƙananan jakunkuna cike da furotin, waɗanda yake fesowa bi da bi. Shigar tana bin matakai huɗu.

Da farko yakan manne wa jar ƙwayar jini sama-sama, sa'an nan ya juya har tsininsa ya fuskance ta. Na biyu, wani furotin nasa mai suna RH5 yakan kama wani furotin na jikin ƙwayar jinin mai suna basijin. Masu bincike a Ingila sun nuna a 2011 cewa idan aka toshe wannan haɗuwa, shiga ba ta yiwuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Na uku, yakan dasa furotin RON2 a tantanin ƙwayar jinin, ya kama shi da wani nasa mai suna AMA1, su zama zobe. Na huɗu, yakan ja kansa ta cikin zoben da ƙarfin wasu zaruruwa irin waɗanda ke motsa tsokar mutum. Yana shiga yana lulluɓe kansa da tantani, ƙofa ta rufe a bayansa. Duka aikin bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba.

4.0 Zaman Ciki da Alamomin Cuta

Da zarar ya shige, ya ɓace wa yawancin dakarun garkuwar jiki. Yakan cinye mafi yawan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, ya girma, ya rabu gida 16 zuwa 32. Bayan kimanin awa 48 sai ƙwayar jinin ta fashe, 'ya'yan su bazu neman sababbi. Fashewar ce ke tayar da masassara da rawar ɗari, yawan asarar ƙwayoyin kuma shi ke kawo ƙarancin jini.

Akwai wata dabarar. Saifa ce ke tace jini tana kawar da ƙwayoyin da suka lalace. Don kauce mata, falsifaram yakan fito da ƙananan ƙuraje masu danƙo a bayan ƙwayar da yake ciki, ta liƙe a bangon ƙananan jijiyoyi. Idan hakan ya faru a ƙwaƙwalwa, yaro kan shiga jijjiga da suma, abin da a gidaje da dama ake dangantawa da iska, a jinkirta zuwa asibiti.

5.0 Inda Ake Tare Ta

Kowace kariya tana da matakin da take tarewa. Gidan sauro yana hana cizo tun farko. Maganin rigakafin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka kuma soma raba shi a Jihar Katsina a 2013, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 ne sau ɗaya a wata, na kwana uku a jere. Amfaninsa shi ne ƙwayar ta tarar da magani a jini lokacin da ta fito daga hanta. Barin shan na kwana na biyu da na uku yana rage wannan kariya. Allurar R21, wadda aka fara yi a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, tana tare siforozoyit kafin ya kai hanta. Wata allurar da aka gina a kan RH5, wadda aka gwada a Nanoro ta Burkina Faso, tana neman rufe ƙofar jinin ne kanta.

6.0 Kammalawa

Ƙwayar maleriya a ɓoye take yin mafi yawan rayuwarta, a fili kuwa ba ta wuce ɗan taƙin da take ƙaura daga wata ƙwaya zuwa wata. Kalmar "ƙwayar cuta" da Hausa ke amfani da ita ta haɗa wannan halitta da bakteriya da bairos wuri guda, alhali maganinsu ya bambanta. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne samar da kalmomin da za su rarrabe su, ta yadda ma'aikacin lafiya a Kusada zai iya gamsar da uwa dalilin ba yaro mai ƙoshin lafiya magani, da dalilin ƙarasa shi bayan zazzaɓi ya sauka.