Kwikwiyon Buli a Ƙasar Zafi: Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo

Kiwon kare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. A Lambara da sauran garuruwan da ke yankin Boɗinga da Shagari, mafarauta da makiyaya da masu gonaki sun daɗe suna ajiye shi, kuma malamai sun bayyana halaccin yin haka don farauta da tsaron dabbobi da shuka. Abin da yake sabo shi ne sha'awar da samarin birni suke yi wa karnukan waje masu faffaɗan ƙirji da ƙaton kai, waɗanda ake kira buli. Hotunansu sun cika wayoyin hannu, har yaron ƙauye ma ya fara tambayar nawa ake sayar da kwikwiyo ɗaya.

Asalin wannan dangi daga Ingila yake, inda a da ake haɗa karnuka faɗa da bijimai don nishaɗi, har doka ta hana a 1835. Daga jikokinsu ne masu kiwo a Amurka suka fitar da nau'in American Bully tsakanin shekarun 1980 da 1990. Ke nan an zaɓi siffarsa ne don ido, a ƙasar da yanayinta ya sha bamban da namu.

Kuɗin saye ba shi da tsayayyen farashi. Ya danganta da asalin iyaye, da takardar shaida, da kuma iya cinikin mai saye. Duk yadda ya kai, sau ɗaya ake biyansa, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin.

Bari mu ɗauki abinci, domin ɗalibi zai iya yin wannan lissafi a bayan littafinsa. Kare mai nauyin kilo 30 yana buƙatar kimanin giram 400 na busasshen abincin kanti a kullum. A shekara ya kama kilo 146, wato kusan buhu ɗaya da rabi in an kwatanta da babban buhun gero mai kilo 100. Irin wannan kare yakan yi shekara 10 ko fiye a duniya, saboda haka mai shi ya ɗauki alkawarin abinci da ya tasam ma tan ɗaya da rabi. Galibin abincin nan daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala. Wanda ya sayi kwikwiyo kafin watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, alhali cikin karen bai ragu ba. Ana iya haɗa masa abinci a gida, amma tuwo da kanzo kaɗai ba za su gina ƙashi da tsokar kwikwiyo mai saurin girma ba. Sai an haɗa da nama ko kifi ko ƙwai.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi. Ɗan'adam yana sanyaya jikinsa da gumi. Kare kuwa gumin da yake yi kaɗan ne, a tafin ƙafa, don haka da haki ya dogara: iska tana ratsa jiƙaƙƙen harshe da kogon hanci, ruwa ya bi iska, jini ya huce. Karen gida mai dogon baki da siririn jiki yana da wadatar wannan fili. Buli, musamman mai gajeren hanci, filin nasa ya ƙuntata, ga tarin tsoka da ke haifar da zafi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin ƙasar Sakkwato yake haura digiri 40, irin wannan kare yana iya faɗuwa ya mutu cikin ɗan lokaci in aka ɗaure shi a rana. Dole a tanadar masa inuwa da ruwa a kowane lokaci, wani lokaci har da fanka, a garin da mutane ma ba kullum suke samun wuta ba.

Game da lafiya, kwikwiyo yana karɓar allurar farko yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Babban abin tsoro a wannan tsakani shi ne cutar fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978. Tana sa amai da gudawar jini, ƙwayarta kuma tana iya yin watanni a cikin ƙasa tana jira. Ga maganin tsutsar ciki, ga na kaska mai ɗauke da cututtukan jini. In ciwo ya yi tsanani, mutumin Lambara sai ya ɗauki karen zuwa Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take da asibitin koyar da likitancin dabbobi, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa.

Akwai allura guda da ba ta bambanta buli da karen farauta, ita ce ta haukan kare. Ana yin ta kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar. Alluran da za a yi masa sun ninka na karen tsada sau da yawa, kuma bisa adalci mai kare ne ya kamata ya biya.

Cizon kare mai ƙarfin muƙamuƙi kuwa ba ƙaramin rauni yake bari ba. Bayan hare-haren da suka jawo asarar rayuka, gwamnatin Birtaniya ta hana sayar da babban nau'in da ake kira XL Bully a Ingila da Wales daga 31 ga Disamba 2023, ta kuma hana mallakarsa ba tare da takardar izini ba daga 1 ga Fabrairu 2024. A garuruwanmu, inda yara suke shiga kowane gida babu sallama, awaki kuma suna yawo a sake, mai buli yana buƙatar katanga mai tsawo da ƙofa mai sakata tun kafin ya je ɗauko kwikwiyon.