Damargu: hoto na kama tudu, kunne ke kama suna

Matafiyin da ya bar Damagaram ya kama hanyar Agadas, in ya yi tafiyar kilomita kimanin 150, sai ya iske tuddan Damargu sun tsaya masa a gaba. Ba su da tsawo ƙwarai, amma kawunansu a shafe suke kamar faifai, ruwan damina kuma ya tsattsage gefensu. Da rana tsaka mai ɗaukar hoto ba ya samun komai a nan, domin haske na wanke launi. Sai da sassafe ko bayan la'asar, sa'ad da inuwa ke fito da kowane kwazazzabo. Da hunturu kuwa, hazo kan haɗiye tudun baki ɗaya.

Abin da hoton ke kamawa, ƙasan teku ne na dā. Yau shekara wajen miliyan 95 ke nan da ruwan gishiri ya ratso Sahara ya lulluɓe wannan yanki. A shekarar 1943 wani Bafaranshe masanin duwatsu, Daniel Schneegans, ya wallafa bincike a kan katantanwar tekun da ta zama dutse a Damargu, har ya raɗa wa wani jinsinta suna Nigericeras, don tunawa da Nijar.

Katantanwa dai ta sami suna mai kyau. Garuruwan da ke gindin tuddan kuwa, nasu sunayen sun sha wuya a hannun baƙi. A watan Janairun 1851, a ƙauyen da suka rubuta Taghelel, Richardson ya rabu da Barth da Overweg, ya kama tasa hanya. A 1899 ayarin Foureau da Lamy ya ratso ƙasar ya nufi Damagaram. Kowane baƙo ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da baƙaƙen harshen garinsu. Daga bisani rubutun Faransanci ya zauna a taswira da takardun hukuma: Tanout, Belbédji, Djadjidouna. A wannan rubutu "ou" wasalin "u" ne kawai, "dj" kuma "j" ce. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu kuma alamar da ke raba dogon wasali da gajere.

Asarar ta wuce ta lafazi. A harshen Tamajak "anu" rijiya ce, "tanut" kuwa ƙaramar rijiya. Sunan kaɗai ya isa ya gaya wa ɗan ayari inda zai shayar da raƙumansa, a ƙasar da Abzinawa suka daɗe suna zuwa awon gero. Hausawa, Dagirawa, Buzaye da Fulani duk sun bar sawunsu cikin sunayen rijiyoyi, tafkuna da tudduna. In suna ya lauye a baki, labarin da ke cikinsa ya tafi ke nan.

Tun 1999 Nijar ta tsaida ƙa'idar rubuta Hausa da Tamajak, a 2011 kuma aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Aikin da ya rage shi ne a bi ƙauye ƙauye a tambayi dattawa, a naɗi muryarsu, a rubuta kowane suna a allon bakin hanya da harshen masu shi, kusa da na Faransanci. Mai ɗaukar hoto ma, kafin ya danna, ya kamata ya tambayi makiyayin da ke gindin tudun yadda ake kiransa, ya kuma maimaita har makiyayin ya ce ya yi daidai.