Tsoron Fargaba da Wahalar Barin Sigari

A teburin mai shayi a Rafin Guza, kusa da Kawo, sau da yawa za ka ji mai shan taba yana cewa ita ke kwantar masa da hankali. Maganar tana da tushe, amma ba inda yake zato ba.

A 1985 masana halayyar ɗan Adam, Steven Reiss da Richard McNally, suka bayyana wasu mutane da alamomin fargaba ke firgita su fiye da abin da ya jawo ta. Zuciya ta buga da sauri, sai su ɗauka ajali ya zo.

Irin wannan mutum barin sigari ya fi ba shi wuya. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi. Idan aka daina, ƙunci da rashin barci su taso, musamman a makon farko. Wani ya daure, shi kuwa ya tsorata ya kunna kara. Sauƙin da ya ji, ƙishirwar nikotin ce ta lafa, alhali nikotin ɗin na ƙara bugun zuciya.

Wanda abin ya yi wa katutu, gara ya ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a duba tsoron tare da sigarin.